Lucy Kumm da Gidan 'Yantattun Yara na Rumasha

Karatu: Fitowa 2:1-10, 2 Timoti 1:3-7, Yakubu 1:27

  A makonnin da suka wuce mun bi labarin matan da Allah ya yi aiki da su cikin Littafi Mai Tsarki. Mun ga uwar Musa, mun ga Hannatu, mun ga Dokas. Yau kuwa za mu ɗan juya ga tarihin ikkilisiya a ƙasarmu, mu tuna da wata baiwar Allah, uwa, mai koyarwa, mai tausayin marasa gata, wadda sunanta ya taɓa zama a kan wani gida a wannan jiha tamu ta Nasarawa.

Wanda ya tashi daga Lafia ya bi ta Akwanga da Keffi da garin Nasarawa har ya kai Toto, in ya gangara kudu zuwa bakin kogin Binuwai, zai iso Umaisha. Turawan mishan na dā suna rubuta sunan garin Rumasha. A can ne, a shekara ta 1909, aka buɗe gida domin yaran da aka ƙwato daga hannun masu cinikin bayi. Aka sa wa gidan sunan Lucy. Abin mamaki shi ne, ita wannan mata ba ta taɓa sa ƙafa a Nijeriya ba, ba ta taɓa shan ruwan Binuwai ba, ba ta ga ko ɗaya daga cikin yaran ba. Ta rasu shekara uku kafin a buɗe gidan. To, wace ce ita? Me ya haɗa ta da mu?

Gidan da ta fito

An haifi Lucy Guinness a shekara ta 1865. Wannan suna Guinness ba baƙo ba ne a kunnenmu, gama muna ganinsa a jikin kwalbar giya a kasuwa. Gaskiya ne, zuriya ɗaya ce. Arthur Guinness, wanda ya kafa kamfanin giyar a birnin Dublin a 1759, shi ne kakan mahaifin Lucy. Amma mahaifinta, Henry Grattan Guinness, ya bi wata hanya dabam. Ya zama mai wa'azin bishara, dubban mutane suna taruwa su ji shi a Ingila da Ailan da Amurka. Daga tushe ɗaya reshe biyu suka fito, ɗaya yana cika kwalabe, ɗaya yana aika masu bishara. Kada wani ya ce sunan gidansu ya riga ya yanke masa hanya.

Mahaifiyarta, Fanny, marainiya ce. Ta rasa uwa da uba tun tana ƙarama, wasu masu bi da ba danginta ba suka ɗauke ta suka rene ta. Ku riƙe wannan a zuciya, domin za mu dawo kansa. A shekara ta 1873 Henry da Fanny suka buɗe makarantar horar da 'yan mishan a gabashin Landan, unguwar talakawa. Makarantar ta zauna a gidan da ake kira Harley House. Henry yakan yi tafiye-tafiyen wa'azi, Fanny ce take riƙe da gida, tana lissafin kuɗi, tana amsa wasiƙu, tana lura da cin ɗalibai da lafiyarsu, har aka riƙa kiranta uwar makarantar. Fiye da mutum dubu suka sami horo ta wurin wannan aiki, suka bazu cikin duniya.

A irin wannan gida Lucy ta girma. Ba gidan da bai san hawaye ba ne, gama ƙannenta mata biyu sun mutu suna ƙanana da ciwon maƙogwaro. Huɗun da suka rayu kuwa dukansu sun shiga aikin Ubangiji. Wanta Harry ya jagoranci aikin mishan a Kwango. Yayarta Geraldine ta tafi ƙasar Sin, ta auri ɗan Hudson Taylor. Ƙanenta Whitfield ya zama likitan mishan, shi ma a Sin. Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyar da ke cikinsa ta fara zama ne a cikin kakarsa da uwarsa. Haka ya faru a gidan nan.

Ta je ta gani da idonta

Lucy ba mai ƙarfin jiki ba ce, tana yawan rashin lafiya. Amma Allah ya ba ta baiwa biyu, kaɗa molon Turawa mai suna fiyano, da kuma rubutu. Da ta so, da ta yi zamanta cikin daɗi.

A lokacin nan akwai dubban 'yan mata a gabashin Landan da ke aiki a masana'antu. Suna shiga aiki tun da asuba, su fito da dare, ladan kuwa bai isa ci da haya ba. Mutanen kirki na ikkilisiya suna jin labarinsu daga nesa, suna kaɗa kai, suna cewa yaran nan ba su da tarbiyya. Lucy ba ta yarda da jin labari kawai ba. Ta tuɓe tufafinta na 'yar babban gida, ta sa irin nasu, ta shiga cikinsu, ta ga inda suke kwana da abin da suke ci. Daga nan ta rubuta ɗan littafi mai suna Only a Factory Girl a shekara ta 1886, tana da shekara 21. Littafin ya sa masu bi da yawa suka farka, suka ga cewa waɗanda suke yi wa hukunci daga nesa 'ya'yan mutane ne masu bukatar taimako.

Bayan wannan ta karɓi aikin shirya mujallar mishan ta gidansu, mai suna Regions Beyond, ta yi shekaru tana yinsa. Wannan mujalla ita ce ajinta. Ɗalibanta suna warwatse a ƙasashe dabam dabam, tana koya musu da taswira da lissafi da labari, tana nuna musu wuraren da bishara ba ta kai ba tukuna. A 1894 ita da wani ma'aikaci suka fitar da littafi a kan Amurka ta Kudu. Ta raka mahaifinta Indiya, ta rubuta littafin abin da ta gani, ya fito a 1898. A wannan shekarar ce kuma mahaifiyarta ta rasu.

Aure da nawayar Sudan

A shekara ta 1899 Lucy ta tafi Masar tare da mahaifinta. A can ta sadu da wani saurayi Bajamushe, ɗan mishan, mai suna Karl Kumm. An haife shi a 1874, wato ta girme shi da shekara tara. Abin da ya haɗa zuciyarsu shi ne Sudan. Ku lura, ba ƙasar da ake kira Sudan a yau kaɗai ake nufi ba. A zamanin, Sudan suna ne na dukan yankin da ke kudu da hamadar Sahara, daga Senegal har kogin Nilu. Kano tana ciki, Binuwai tana ciki, Lafia ma tana ciki. Shi ya sa tsofaffinmu suka san ikkilisiyoyinmu da sunan Ekklesiyar Kristi a Sudan.

Aka ɗaura musu aure a birnin Alƙahira a watan Fabrairu 1900. Suka fara aiki a Aswan, a kudancin Masar, tare da wasu masu bi na Jamus. Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Saɓani ya shiga tsakanin Karl da kwamitin Jamus, har suka rabu a 1902. Ga su da yara ƙanana biyu, Henry da Karl, ga aikin da suka fara ya fita daga hannunsu. Wani zai ce a nan labarin ya ƙare. Amma suka koma Ingila, suka sake farawa a birnin Sheffield a ƙarshen wannan shekara. A ranar 15 ga Yuni 1904, a birnin Edinburgh, aka ba sabon aikin sunan Sudan United Mission, wato SUM.

A watan Yuli 1904 mutum huɗu na farko suka taso: Karl Kumm, Dokta Bateman, John Burt da Lowry Maxwell. Suka shigo ta kogin Kwara, suka hau Binuwai, suka kafa zango a gindin dutsen Wase. Lucy ba ta cikin jirgin. Ta zauna a gida da yara. Amma wa ya rubuta takardun da suka motsa ikkilisiyoyi su ba da kuɗin jirgin? Wa ya shirya mujallar Lightbearer wadda ta riƙa kai labarin aikin gida gida? Wa ya amsa wasiƙu da dare bayan yara sun yi barci? Masana tarihin SUM sun yarda cewa Lucy abokiyar kafa aikin ce sosai. Karl yana da murya da ƙafa, ita kuwa tana da alƙalami.

Kwanakinta na ƙarshe

A shekara ta 1906 iyalin suka je Amurka domin a kafa reshen SUM a can. Lucy tana garin Northfield, inda shahararren mai wa'azin nan D. L. Moody ya kafa makarantunsa. Tana fama da wata nawaya a zuciya. A lokacin ƙasar Kwango tana hannun Sarki Leopold na Beljiyam kamar gonarsa. Ana tilasta wa mutane tara danƙon roba, ƙauyen da bai cika awo ba sai a ƙone shi, a kama mata, a yanke wa mutane hannu. 'Yan mishan da ke can sun aiko da shaida, wanta Harry yana cikin masu ɗaga murya a Ingila. Lucy ta zauna tana rubuta littafi a kan wannan zalunci.

Tana cikin haka sai ciwo ya kama ta. Tana da ciki, amma cikin bai zauna a mahaifa ba, ya zauna a gefe. Likitoci suka ce sai an yi aiki. Ita kuwa ta ji tsoro cewa yin aikin zai zama ɗauke ran ɗan da ke cikinta, saboda haka ba ta yarda ba. Ta ci gaba da rubutu cikin azaba har ta gama littafin. A watan Agusta 1906 ta rasu tana da shekara 41. Ta bar yara maza biyu, babban bai wuce shekara biyar ba. Shekara biyu bayan haka, a 1908, matsin da masu gaskiya suka yi ya sa aka karɓe Kwango daga hannun Leopold.

Za mu koma kan wannan mutuwa, gama akwai magana mai nauyi a ciki. Amma bari mu fara duba halin da ƙasarmu take ciki a shekarun nan.

Yaran da aka tsinta a hanya

Kakanninmu sun ba mu labarin zamanin hari. Mahaya dawakai sukan fito daga manyan garuruwa, su fāɗa wa ƙauyuka da asuba, su kwashe mata da yara. Shi ya sa Eggon suka riƙe duwatsunsu, shi ya sa ƙauyuka da yawa suka kewaye kansu da ganuwa da ƙaya. Amma in za mu faɗi gaskiya dukanta, ba baƙi kaɗai suka yi cinikin ba. Ƙauye yakan kama ɗan ƙauyen maƙwabta ya sayar. A shekarar yunwa, akwai iyayen da suka ba da ɗa domin damin dawa. Zunubin nan bai san kabila ba, bai san addini ba. Ba mu tuna da shi domin mu riƙe wani a zuciya ba, gama mu da jikokin mahayan nan maƙwabta ne yau, kasuwa ɗaya muke ci.

Da Turawan mulki suka zo, Gwamna Lugard ya yi doka a 1901 cewa an hana kamawa da sayar da bayi, kuma duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne. Doka ba ta tsai da cinikin nan da nan ba. Fatake suka koma bin hanyoyin daji da kwale-kwale da dare, suka fi neman yara, domin yaro ya fi sauƙin ɓoyewa, ana iya cewa ɗan gida ne. Da yawa daga cikin yaran an kwaso su ne daga wajen Adamawa da ƙasashen da ke saman Binuwai. In 'yan doka suka tare ayari, sai ga yara a hannun gwamnati, wasu ba su san sunan garinsu ba, wasu ba wanda yake jin harshensu. Ina za a kai su? Gwamnati ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, inda hedkwatarta take a lokacin, da wani kuma a Borno. Amma riƙon yara ba aikin ofis ba ne, kuɗi kuma yana ƙaranci. Sai aka nemi 'yan mishan su karɓa.

SUM ta karɓa. Masu bi a ƙasashen waje, waɗanda suka yi shekaru suna karanta rubutun Lucy, suka tara kuɗi domin a gina gida da sunanta. Aka zaɓi Rumasha a bakin Binuwai, inda jirgin ruwa yake iya tsayawa. Karl Kumm da kansa ya zo wurin kafin ya kama doguwar tafiyarsa daga Nijeriya zuwa kogin Nilu. A 1909 aka kawo yara fiye da ɗari daga Zungeru, maza da mata.

Ku tuna da Fanny, marainiyar da baƙi suka rena. Alherin da aka yi mata a Ingila ya bi ta cikin 'yarta, ya ƙetare teku, ya zama rumfa a kan marayu a bakin Binuwai. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Zaman gidan

A gidan ana koya wa yara karatu da rubutu da lissafi da Maganar Allah. Ana koya musu noma da aikin hannu, 'yan mata kuma ɗinki da girki da aikin gida. Tun da sun fito daga kabilu da yawa, Hausa ce ta haɗa su. A lokacin nan ba a gama juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ba, sai a 1932 cikakkensa ya fito. Da ɗan abin da ke hannu aka yi ta koyarwa.

Ku yi tunanin aikin matan da suka riƙe wannan gida, Turawa da 'yan ƙasa. Yaro ya zo da gyambo a ƙafa saboda tafiya, sai an wanke kullum. Yarinya tana firgita da dare tana kiran uwarta da harshen da ba wanda ya sani, sai an rungume ta har ta yi barci. Wani ya saba da duka har in aka miƙa masa abinci sai ya kāre kansa da hannu. Ga zazzaɓi na bakin kogi. Ga manyan 'yan matan gidan da suka zama iyaye ga ƙanana, suna goyo, suna daka, suna ɗebo ruwa. Lucy ta ba da suna, su kuwa suka ba da bayansu da barcinsu.

Kada mu yi wa tarihi kwalliya. Gidan yana da nasa rauni. Cuta ta dame shi, wasu yara da ma'aikata sun mutu. Yaran sun tashi ba tare da dangi ba, ba harshen uwa, ba gonar gado, saboda haka da suka girma wasu sun sha wuyar samun wurin zama cikin jama'a. Wasu sun bar bangaskiya. 'Yan mishan sun sa rai gidan zai fitar da rundunar masu bishara, abin da aka samu bai kai yadda suka zata ba. Duk da haka, yaran da aka nufa da kasuwa sun rayu, sun yi aure, sun haifi 'ya'ya cikin 'yanci. Daga cikinsu an sami masu bishara da malamai da tafintoci da suka taimaki aikin a farkonsa. Wajen 1918 aka mai da gidan Wukari. Da yaran da ake ƙwatowa suka ragu, sai aka rufe shi a 1925. Bauta kanta kuwa, sai a 1936 doka ta soke ta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya.

Daga can zuwa ƙofarmu

Aikin da Lucy ta taimaka aka haifa bai tsaya a Rumasha ba. Reshen SUM na Afirka ta Kudu ya shigo wannan yanki namu daga 1916. Suka zauna a Keana cikin Alago, suka buɗe Randa a 1920, suka hau Wana cikin Eggon. Daga wannan aiki ne ikkilisiyar ERCC ta fito, wadda hedkwatarta take Alushi. Daga sauran rassan SUM kuma aka sami COCIN da CRCN da LCCN da wasu. A 1955 ikkilisiyoyin nan suka haɗu a Randa suka kafa tarayyar da muke kira TEKAN a yau. Jami'ar COCIN da ke Vom tana ɗauke da sunan Karl Kumm, wanda ya rasu a Amurka a 1930. Sunan matarsa kuwa, kaɗan ne cikinmu suka taɓa ji.

Babban ɗanta Henry, wanda ta bari yana ɗan shekara biyar, ya girma ya zama likita. Ya zo Nijeriya ya yi bincike a kan sauron da ke kawo ciwon shawara, daga baya kuma ya yi aiki cikin yaƙi da shan inna a Amurka. Ƙasar da uwar ba ta gani ba, ɗan ya zo ya yi mata hidima.

Abin da za mu ɗauka

Na fari, ga iyaye mata. Wataƙila kina ganin aikinki ƙarami ne. Mijinki yana kan bagade, ko yana yawon bishara, ke kina gida da tukunya da yara. Lucy ba ta hau jirgin 1904 ba, amma ba don ita ba da wuya jirgin ya tashi. Uwar Musa ba ta tsaya a gaban Fir'auna ba, amma 'yan shekarun da ta shayar da shi sun isa ya san ko shi wane ne. Addu'ar safe da kike yi da yara, da ayar da kike koya musu kina tankaɗe, Allah yana lissafinsu. Ki koya musu kuma da harshenku. Yaran Rumasha sun rasa harshen iyayensu domin an ƙwace musu shi da ƙarfi. Abin kunya ne mu da ba wanda ya ƙwace mana, mu yar da namu da hannunmu. Hausa tana haɗa mu cikin sujada, mun gode wa Allah. Amma bari yaro ya ji sunan Yesu da Eggon, da Alago, da Migili, da Mada, da Gwandara, daga bakin uwarsa.

Na biyu, ga dukan gida. Ba a kai yara kasuwa da igiya a yau, amma ku duba cikin gidajenmu. Akwai yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta. Ita ce ta fara tashi, ita ce ta ƙarshen kwanciya. 'Ya'yan gida suna tafiya makaranta, ita tana tafiya talla. Akwai ɗan marigayi ɗan'uwanka da ke cin abinci a bayan ɗaki. Akwai kuma masu zuwa ƙauye da daɗin baki, su ce za su kai 'ya'yanmu birni aiki, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Yakubu ya ce addinin da Allah yake karɓa ana gane shi ta yadda muke yi da marayu da gwauraye. Ba za mu iya yabon gidan Rumasha da baki, alhali muna da ƙaramar baiwa a madafinmu ba. Ɗa na kowa ne. In ka ɗauko yaro, ka sa shi makaranta, ka bar shi ya riƙa ganin danginsa, ya ci daga tukunyar da 'ya'yanka suke ci.

Na uku, maganar mutuwarta. Muna girmama zuciyar Lucy, gama ta ɗauki ran ɗan da ba a haifa ba da daraja. Amma ba mu kawo labarin nan domin wata ta yi koyi da ƙin aikin likita ba. Ku ji da kyau. In ciki ya zauna a bututun da ke gefen mahaifa, ɗan ba shi da wurin girma, ba zai iya rayuwa ba ko an yi aiki ko ba a yi ba. In aka bar shi, bututun yakan fashe, jini ya zuba a ciki, uwar ta mutu. Aikin da likita yake yi a nan ceton rai ne. Alamunsa su ne: mace ta ga batan wata, sai ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko ɗigon jini, ko jiri da suma. In kun ga haka, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya jiƙo, kada a ce sai an gama azumi da addu'a. A yi addu'a a kan hanya. Maigida, kada kuɗin mota ya sa ka yi jinkiri, ka sayar da akuya in ta kama. Mata, ku riƙa zuwa awon ciki da wuri. Allah da ya ba mu addu'a shi ne ya ba likita sani. Yara biyu sun tashi ba uwa a 1906. Kada a ƙara irin wannan a gidajenmu a kan abin da yake da magani.

Na huɗu, mu riƙa tunawa. A kowace ikkilisiya tamu akwai tsohuwar da ta koyar da makarantar Lahadi shekara da shekaru ba albashi, wadda ta karɓi haihuwar rabin ƙauye, wadda ta yi jinyar surukarta har ƙarshe, wadda ta fara Zumuntar Mata a ƙarƙashin itace. Sunayen fastoci suna rubuce a bangon majami'a. Nata fa? Matasa masu ilimi, ku ɗauki littafi da alƙalami, ku je ku zauna a gabanta tun tana da rai. Ku tambaye ta yadda bishara ta shigo gidansu, wa ya koya mata karatu, wace wahala ta sha. Ku rubuta, ku karanta wa ikkilisiya. Kuma ku kai mata gaisuwa da ɗan abin hannu yanzu, kada ku bari sai ranar jana'iza.

Tambayoyi domin iyali

1. Wace mace ce ta fara koya maka Maganar Allah? Ka taɓa gode mata?
2. Akwai yaron riƙo a gidanmu ko a maƙwabta? Zamansa daidai yake da na 'ya'yan gida?
3. In ciwo ya kama mai ciki da tsakar dare, wane shiri muke da shi na kai ta asibiti?

Addu'a

Ya Uba na sama, Uban marayu, mun gode maka domin baiwarka Lucy, da dukan matan da suka riƙe yaran Rumasha. Mun gode domin iyayenmu mata da suka kawo mu gare ka. Ka gafarta mana inda muka wulakanta yaron da ka sa a hannunmu. Ka kiyaye mata masu ciki, ka ba mu hikima mu nemi taimako a kan lokaci. Ka sa bangaskiyar da muka karɓa ta kai ga 'ya'yanmu da jikokinmu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu muka roƙa. Amin.